Ƙofofi Da Yawa, Maigida Ɗaya



Malaman hadisi na zamanin farko, Allah Ya yi musu rahama, sun kafa wata ƙa'ida wadda har yau ba a sami abin da ya fi ta ba wajen tace labari, watau ba su karɓar magana, kome daɗinta a kunne, kome dacewarta da abin da zuciya ke so, sai sun san daga bakin wa ta fito, shi kuma a wurin wa ya ji, har a tuƙe ga tushe; sa'an nan su bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, su binciki adalcinsu da ƙarfin haddarsu, su kuma duba ko akwai wata maslaha da ɗayansu zai samu idan maganar ta yaɗu. Wannan shi ne isnadi. Na buɗe sharhin yau da shi ne domin mu mutanen wannan zamani, waɗanda labarin da ke shiga kunnenmu tsakanin asuba da isha ya fi wanda kakanninmu ke ji a cikin shekara guda, mun yi sakaci da tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Mun san sunan tasha, mun san muryar mai gabatarwa, har muna gane shi da tarinsa kafin ya yi sallama, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin wanda ya mallaki gidan, da irin sauran hajar da yake sayarwa a wasu kasuwanni, da abin da yake fatan mu saya bayan an rufe shiri.

A dā al'amarin ba shi da duhu. Idan maroƙi ya tsaya a ƙofar fada ko a gidan biki yana wasa wani attajiri, kowa ya san wanda ya ba shi rigar da ke jikinsa, saboda haka mai sauraro yakan ɗauki abin da zai ɗauka, ya bar saura ga mai shi. Mai shela kuwa, da ya buga ƙarfensa ya ce Sarki ya gaishe ku, an san daga inda saƙo ya fito. Ko da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana riƙe da alƙalaminta, ba a ɓoye wa kowa cewa jaridar hukuma ce ba, mai karatu yana sane, yana auna maganarta da wannan sanin. Abin da ya sauya a yau shi ne ubangidan ya koma bayan labule, ya zama kamfani mai hannun jari a ƙasashe da yawa, wanda ba shi da fuska, ba shi da ƙofar gida da za a je a yi masa ƙorafi, alhali kuwa muryarsa tana cikin ɗakin kwanan kowa.

Wanda ke son fahimtar yadda aka zo nan, wajibi ne ya waiwayi Amurka, domin a can ne aka fara mayar da iska kasuwa. A watan Agusta na 1922 wani gidan rediyo a birnin New York mai suna WEAF, mallakar kamfanin tarho na AT&T, ya sayar da minti goma na lokacinsa ga wani kamfanin gidaje domin ya yi tallan ɗakunan da yake sayarwa, kuma ana lissafa wannan cikin tallace-tallacen farko da aka biya kuɗi aka yi a rediyo. Ingila ta bi wata hanya dabam, ta kafa BBC bisa kuɗin lasisi da masu akwatin rediyo ke biya, ba a sa talla a tashoshinta na cikin gida. Amma hanyar Amurka ce ta rinjaya a duniya. Ba a yi nisa ba masu sabulu suka gane cewa matar aure da ke gida da hantsi, tana wanki tana shara, ita ce ke yanke shawarar abin da za a saya, sai suka shiga ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo masu ci gaba kullum, na minti goma sha biyar, cike da soyayya da rikicin iyali, ana yanke su daidai inda zuciya ta rataya domin a dawo gobe. A 1933 kamfanin Procter & Gamble ya ɗauki nauyin wani irin wannan wasa mai suna Ma Perkins domin tallan garin sabulunsa na Oxydol, wasan kuwa ya yi ta gudana har 1960; daga nan ne ma Amurkawa suka laƙaba wa irin waɗannan wasanni sunan sabulu, sunan da ya bi su har yau. Ina roƙon mai sauraro ya tsaya a nan ya yi tunani, domin asirin sana'ar duka yana cikin wannan ƙissa: an ƙagi labarin ne domin a tara matan, an tara matan ne domin a miƙa su ga mai sabulu. Hajar da gidan rediyon ke sayarwa ita ce kunnen mai sauraro, mai talla shi ne mai saye, shirin kuwa tsaba ce da aka watsa domin kaji su taru.

To, da kunnuwan mutane suka zama haja, sai abin da ke samun kowace haja mai riba ya same su, watau manyan 'yan kasuwa suka shiga haɗiye ƙanana. A 1983 wani tsohon ɗan jarida kuma malamin jami'a, Ben Bagdikian, ya ƙidaya kamfanonin da ke riƙe da mafi yawan jaridu da mujallu da gidajen rediyo da talabijin da ɗab'in littattafai da fina-finai a Amurka, ya same su hamsin, ya kuwa yi kuka da cewa sun yi kaɗan. Da ya sake ƙidayar a 2004 sai ya tarar sun koma biyar. A tsakanin waɗannan shekaru, cikin 1996, aka yi dokar sadarwa wadda ta ɗauke iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar, iyakar da a lokacin take arba'in, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara gidaje wajen 1,200, ga allunan talla na bakin titi, ga shirya manyan wasannin mawaƙa duk a hannunsa. Sai ya zamana mai gabatarwa guda yana zaune a wani birni yana naɗar gaisuwa ga garuruwan da bai taɓa taka ƙasarsu ba, yana ambaton sunayen unguwanninsu kamar ɗan gari, jerin waƙoƙin kuwa daga babban ofis ake aiko da shi. A 2018 jama'a suka ga abin da idonsu, sa'ad da aka haɗa hotunan masu karanta labarai na gidajen talabijin da yawa mallakar kamfanin Sinclair, kowanne a garinsa, kowanne da fuskar da mutanen garin suka amince da ita, suna karanta sanarwa ɗaya, kalma bayan kalma, kamar yadda aka rubuto musu. Malamanmu sun ce labari yana kai matsayin tawaturi ne idan jama'a masu yawa suka ruwaito shi ta hanyoyi mabambanta, har hankali ya ƙi yarda cewa sun haɗa baki. Amma idan ka ji magana daga baki arba'in, alhali duk arba'in ɗin daga mutum ɗaya suka karɓo, to labarin mutum ɗaya ka ji, sai dai an yaudare ka da yawan bakuna.

Akwai wani babi a fiƙihun ciniki da yake faɗo mini a rai duk lokacin da na yi nazarin wannan al'amari, shi ne hanin tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa. Hikimar hanin a fili take: wanda ya fita bayan gari ya saye kayan ayari tun ba su sauka ba, ya zalunci bafataken da bai san farashin gari ba, ya kuma zalunci mutanen gari, domin ba za su ga kome ba sai abin da ya ga dama ya fito da shi, a kan kuɗin da ya yanka. Mai saye zai shiga kasuwa ya zaga rumfuna, ya taya nan ya taya can, ya koma gida yana jin cewa da kansa ya zaɓa, bai sani ba an riga an yi zaɓin tun a bayan ganuwa. Haka mai riƙe da na'urar sauya tasha yake a yau. Yana da tashoshi ɗari biyu a gabansa, yana latsawa yadda ya so, babu wanda ya tilasta shi, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ba a kawo kasuwa ba, ba shi da hanyar da zai so shi, domin ido ba ya kwaɗayin abin da bai taɓa gani ba.

Bari in kawo misalin da kowa a unguwa ya sani, watau ƙwallon ƙafa. A 1992 manyan ƙungiyoyin Ingila suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, kamfanin talabijin na Sky, wanda Rupert Murdoch ke da babban hannu a cikinsa a lokacin, ya sami ikon nuna wasannin kai tsaye cikin yarjejeniyar da aka ƙiyasta a kan fam miliyan 304 na shekara biyar. Bukatar Sky ita ce mutane su sayi faranti su riƙa biyan kuɗin wata, ƙwallo kuwa ita ce ƙugiyar da ta fi kowace kamu. Saboda haka aka ƙawata wasan da kyamarori masu yawa da masu sharhi da kiɗa, aka matsar da wasu wasanni zuwa yammacin Lahadi da daren Litinin domin su dace da jadawalin talabijin. Daga nan aka sayar da hoton ga sauran duniya, a nahiyarmu kuwa tashoshin SuperSport na kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu suka ɗauko shi suka sauke a kan rufin kwanon gidajen kallo, daga Fagge har Tudun Wada, daga Gusau har Mubi, inda yaro zai biya 'yan kuɗinsa ya zauna a benci, janareta na ruri a waje.

Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan, ku dubi abin da ya haifar. Saurayi zai ce maka shi ɗan Arsenal ne, ko ɗan Chelsea, ko ɗan Madrid, da irin lafazin da kakansa zai ce shi Bagobiri ne ko Bakatsine. Yana cewa mun ci, mun sayi ɗan wasa, an zalunce mu, yana ƙin cin tuwo ranar da aka doke su, yana yanke zumunci da abokinsa na ƙuruciya a kan birnin da ba shi da ko ɗan'uwa ɗaya a cikinsa. Ba na zargin yaran nan, kuma ba na raina wasan, domin gwaninta abin sha'awa ce a duk inda take, matashi kuwa dole ya sami abin da zai jingina zuciyarsa. Abin da ke damuna shi ne asalin wannan nasaba: an ƙulla ta ne a ɗakin taron wasu kamfanoni, bisa lissafin yawan masu biyan kuɗin wata, kuma tana da haraji. Akwai rigar ƙungiya da ake sauya wa zane kowace kaka, akwai kuɗin kallo, akwai lemo da katin waya da ake tallatawa a hutun rabin lokaci, sa'an nan akwai wadda ta fi su duka sharri, watau cacar wasanni, wadda sunayen kamfanoninta suka yi shekaru a ƙirjin 'yan wasa da allunan gefen fili, har ta kai yaron da ya tashi a gidan da ba a ambaton caca sai da neman tsari yana ganinta wani sashe na ƙwallo. Gaskiya ne Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, tana cika filin wasa na Ƙofar Mata idan tana gida; amma gasarmu ta cikin gida wata shekara a sami mai nuna ta, wata shekara a rasa, shi ya sa yaro a Malumfashi zai lissafa maka 'yan benci na Liverpool, ya kasa faɗin sunan mai tsaron gidan ƙungiyar jiharsa.

Wanda ya ce ai abin gida ne ba ya farin jini, sai ya tsallaka Nijar a lokacin gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975. Muddin ana gasar nan, rediyo da talabijin na ƙasa suna ɗauke da ita kai tsaye, za ka ga kasuwa ta yi sanyi, an kewaye akwatuna a tasha da bakin titi, tsoho da yaro sun san sunan kowane ɗan kokawa da jiharsa da kirarinsa. Kokawar ba ta fi damben Kano ko na Sakkwato daɗin kallo ba. Gata ta samu, aka ba ta fili a iska shekara da shekaru, sai zukata suka bi.

Na ambaci Nijar da gangan, domin akwai labarin da ya shafe mu duka, wanda bai sami tattaunawar da ta cancance shi ba. Shekaru da yawa Bahaushen Maraɗi da na Damagaram suna kallo ta farantin Canal+ na Faransa, ɗan'uwansa na Katsina da na Daura kuwa ta DStv ko GOtv na MultiChoice. A 2025 Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice, da SuperSport ɗinsa da tashoshin Africa Magic, har da ta Hausa. Iyalin Bolloré na Faransa su ne ke da kaso mafi girma a Canal+, su ne kuma ke da kaso mafi girma a Havas, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin shirya talla na duniya. Ban ce an yi haram a cinikin ba, hukumomin da abin ya shafa sun duba sun amince. Amma ya kamata mu san cewa iyakar da Turawa suka shata tsakanin Ingilishi da Faransanci, wadda ta raba ƙasar Hausa biyu, ɗan kasuwa ya ɗinke ta a sararin sama, ya zamana mafi yawan abin da ake biya a kalla a ɓangarorin biyu yana komawa ga majalisar daraktoci guda, in ban da abin da StarTimes na ƙasar Sin ya riƙe.

Tasirin bai tsaya a filin ƙwallo ba, ya shiga har madafa. Uwargida a yau takan aiki yaro ya sayo magi ko omo, ko da wani kamfani dabam ne ya yi abin da za a kawo mata, domin sunan hajar Nestlé da ta Unilever ya zauna a harshenmu ya zama sunan jinsin abin gaba ɗaya, kuma da wuya a sami nasarar talla da ta wuce wannan. Shekaru ana nuna mana shirye-shiryen girki da masu dunƙule suka ɗauki nauyi, a ɗakin girki mai walƙiya, da mace mai fara'a da miji mai yabo. Ita kuwa tsohuwar da ke dafa kalwa kwana da kwanaki tana yin daddawa, ba ta da kuɗin sayen ko daƙiƙa talatin a iska, saboda haka ba a taɓa nuna miyarta a matsayin miyar 'yan birni ba, har wasu 'yan mata suka tashi suna jin kunyar warinta. Mafi ciwo a gare ni shi ne abin da ya sami launin fata. Idan yarinya ta girma tana ganin cewa amaryar fim fara ce, mai karanta talla fara ce, wadda ake so a kowane labari fara ce, ba ta bukatar kowa ya ce mata baƙinta aibi ne. Da kanta za ta nemi man bilicin, ta ƙona fatar da Allah Ya yi mata ado da ita.

Wani zai ce ai yanzu ga tashoshi na Hausa zalla, ga fina-finan Indiya an fassara, ga waya a hannun kowa, kowa ya zama gidan rediyon kansa. Ina murna da jin harshenmu a tauraron ɗan'adam, kuma 'ya'yanmu da yawa sun sami abinci ta wannan hanya. Sai dai kamfani yana shiga harshe ne kamar yadda ɗan koli ke koyon gaisuwar ƙauyen da yake kai kaya, kuma Hausar da za ta sami fili ita ce wadda ke tara masu saye, ta falo da mota da lefe mai akwati goma sha biyu. Hausar manomi da makiyayi da malamin zaure ba ta da mai ɗaukar nauyi. Wayar kuwa, Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfanin Meta ne, wanda ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014. YouTube na Google ne tun 2006. Kuma mafi yawan kuɗin shigar kamfanonin biyu daga talla yake fitowa, watau cinikin nan dai na 1922, sai dai yanzu an san sunan kowace kaza da irin tsabar da ta fi so.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran a mayar da kome hannun gwamnati. Waɗanda suka rayu a zamanin da babu wata murya a iska sai ta hukuma sun san ɗacin wannan, kuma dokar 1992 da ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Nijeriya, ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, alheri ce. Ta dalilinta ne aka sami Raypower a 1994, aka sami Freedom a Kano a 2003, talaka ya sami inda zai kira ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi. Ina neman hukuma ta wajabta wa kowace tasha ta riƙa faɗin sunayen masu ita a iska, da harshen da take watsa shiri, kamar yadda take faɗin lokaci da zangon da ake kama ta. Ta wajabta a bambance shirin da aka saya da wanda ba a saya ba, da lafazi bayyananne a farkonsa da ƙarshensa, musamman shirye-shiryen masu maganin gargajiya da na 'yan siyasa. Ta sa iyaka ga yawan tashoshin da hannu ɗaya zai riƙe a gari ɗaya tun kafin mu kai inda Amurka ta kai. Ta kuma sauƙaƙa lasisi ga ƙananan gidajen rediyo na al'umma, irin waɗanda Nijar ta daɗe da yawaita su a karkara. Malaman makaranta kuma, na boko da na Islamiyya, waɗanda ke koya wa yara cewa ruwaya ba ta inganta sai da isnadi, su ƙara musu da darasi guda: a kawo talla ɗaya cikin aji, a tambaye su wa ya biya, me yake so, wa aka bari a waje.

Gidan da nake magana a cikinsa yanzu ma yana da masu shi, yana da masu ba shi talla, kuma haƙƙinku ne ku rubuto ko ku kira ku tambayi su wane ne, haƙƙi ne a kanmu mu ba ku amsa. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki batun shirye-shiryen masu magani da ake sayen lokaci a yi, da abin da doka ta ce a kansu.